Yadda ake koya wa kwikwiyo mai rawar kai natsuwa

Kwikwiyo ɗan wata bakwai yana iya hargitsa gida cikin minti goma. Ya dira kan baƙo, ya ja bakin rigar yaro, ya suri takalmi ya ruga da shi, ya dawo yana haki ya kama labule da haƙori. Mai shi ya ce bari in gajiyar da shi, ya fita da shi a yi ta gudu awa guda, su dawo karen ya sha ruwa ya ɗora daga inda ya tsaya. Daga nan sai tsawa, daga tsawa sai a ɗaure shi a wani lungu, a ƙarshe wasu su bayar da shi suna cewa ba ya jin magana. Abin yana damuna ƙwarai, domin mafi yawan irin waɗannan karnuka lafiyarsu ƙalau. Ba a taɓa nuna musu yadda ake kwanciya a huta ba ne kawai. Kare koyon natsuwa yake yi, kamar yadda yake koyon zama ko amsa kira, kuma ana koyar da ita daki-daki.

Ka fara sanin wanda ke gabanka

Daga kusan wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, har shekara biyu a manyan karnuka, kare yana cikin tashen balaga. Jiki ya girma, hankali bai kamo shi ba tukuna. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2020, masu bincike daga jami'o'in Newcastle da Nottingham a Ingila sun bibiyi karnukan da ake reno domin jagorar makafi. Sun tarar cewa a wata takwas karnukan sun fi yin biris da umarnin zama daga bakin mai renonsu fiye da yadda suke yi a wata biyar, alhali idan baƙo ne ya ba da umarnin sai su bi. Saboda haka idan kwikwiyon da ke jin maganarka ya wayi gari kamar bai taɓa sanin sunansa ba, lokacin ne ya zo, kuma yana wucewa.

Sai ka duba wane irin kare ne. Irin da ake kira Boda Koli an samar da shi a kan iyakar Ingila da Sikotilan domin ya yini yana kora tumaki. Haski na Saiberiya jan kaya a kan ƙanƙara aka san shi da shi. Malinuwa na Beljiyam shi ne 'yan sanda da sojoji ke ɗauka saboda ba ya gajiya da aiki. Irin waɗannan za su natsu, amma sai sun sami aikin yi a kowace rana.

Kafin ka fara komai, kai shi wurin likitan dabbobi. Ƙuma da kaska, ƙaiƙayin fata, ciwon kunne, tsutsar ciki, duk suna hana kare sukuni, kuma wanda jikinsa ke damun sa babu horon da zai kwantar da shi.

Mataki na farko: barci

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, shi ya sa na sa shi gaba. Ƙaramin kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a yini, babban kare kuma awa 12 zuwa 14, matashi yana tsakaninsu. Kwikwiyon da barci bai ishe shi ba ba ya lafewa, tashi yake ƙara yi. Za ka ga cizonsa ya ƙara zafi, idonsa ya buɗe tar, yana zagaye ɗaki a guje, ko sunansa ka kira ba ya ji. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da barci ya kama yana ƙin kwanciya yana rigima ya san wannan yanayi. Mai kare kuma sai ya ɗauka ƙarfi ne ya yi masa yawa, ya ƙara masa wasa, abin ya ƙara lalacewa.

Ka ware masa wurin barci inda ba a yawan wucewa, mai iska, marar hayaniya. Keji mai faɗin da zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya miƙe ƙafafu, ko wani ɓangare na ɗaki da aka kange, duk sun yi. Kwana biyu ko uku na farko ka riƙa ba shi abincinsa a ciki ƙofa a buɗe, domin ya ɗauki wurin a matsayin nasa. Kada ka taɓa jefa shi ciki cikin fushi. Idan ya saba, sai ka soma tsara masa lokutan hutu: ya fita ya yi fitsari, ya ɗan yi wasa, ka kai shi wurinsa da abin tauna, ka rage haske, ka bar shi. Masu horar da karnuka da yawa suna bin lissafin awa ɗaya a farke, awa biyu a kwance ga ƙananan 'yan kwikwiyo. Ɗan wata takwas zai jure fiye da haka a farke, amma har yanzu yana buƙatar dogon barci da hantsi da kuma wani da rana. A gaya wa yaran gida cewa kare mai barci ba a taɓa shi.

Ka ɗauki mako guda kana rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi. Sau da yawa wannan takarda ita kaɗai take nuna maka inda matsalar take.

Mataki na biyu: ka canja irin gajiyar da kake ba shi

Motsa jiki dole ne, amma ba kowane iri ke kwantar da hankali ba. Jefa ƙwallo sau hamsin a jere yana tayar da jinin kare, ya dawo gida jiki a gajiye kai yana tafasa. Kuma kullum kana ƙara masa gudu, kullum juriyarsa na ƙaruwa, har ka wayi gari awa biyu ba ta yi masa komai. Ga kuma haɗari ga gaɓoɓi, domin ƙasusuwan manyan karnuka ba sa gama ƙwari sai wajen wata 12 zuwa 18. Doguwar tsere a kan kwalta da yawan dira daga sama ba su dace da wannan lokaci ba.

Abin da ya fi aiki shi ne hanci. Kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200, mutum kuwa wajen miliyan shida. Da hanci yake karanta duniya, kuma karatun yana gajiyar da shi gajiya mai daɗi. Ka sami igiya mai tsawon mita uku zuwa biyar, ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji maimakon ta wuya, ku fita wuri mai ciyawa da ƙarancin jama'a. Bar shi ya zaɓi hanya. Idan ya tsaya minti biyu yana sunsunar gindin bishiya ɗaya, ka tsaya tare da shi. Minti ashirin zuwa talatin na irin wannan yawo, ka kwatanta yadda zai dawo gida da yadda yake dawowa daga wasan ƙwallo. Idan akwai zafin rana a fita da sassafe ko da yamma liƙis, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, zafi yana saurin kayar da shi.

A gida ma ka daina zuba masa duk abincinsa a kwano ya cinye cikin minti ɗaya. Watsa rabi a cikin ciyawa ya nema, ko ka naɗe ƙwayoyin abincin cikin tsohon tawul ya warware, ko ka ɓoye kaɗan-kaɗan a kusurwoyin ɗaki ka ce masa "nemo".

Mataki na uku: ka riƙa ganin sa lokacin da ya yi shiru

Kare yana maimaita abin da ya jawo masa riba. Ka lura da yadda yini ke tafiya: idan ya kwanta shiru babu mai kallon sa, kowa na cewa a bar shi kada ya tashi. Idan ya yi tsalle ko ya saci safa, nan take a kira sunansa, a bi shi da gudu, a taɓa shi. A wurinsa ko tsawa kulawa ce. Da hannunmu muke koya masa cewa ƙiriniya ce ke biya.

Juya lissafin. Da safe ka ɗebi ƙwayoyi ashirin ko talatin daga cikin abincinsa na ranar ka sa a aljihu. Duk lokacin da ka gan shi ya kwanta don kansa, ka taka a hankali, ka ajiye ƙwaya ɗaya tsakanin ƙafafunsa na gaba, ka wuce. Babu kiran suna, babu shafa, babu murya mai zumuɗi. Da farko zai miƙe ya biyo ka yana neman ƙari. Kada ka kula, ci gaba da abin da kake yi. Da ya sake kwanciya, ka sake ajiye masa. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya zo kusa da kai ya zube ƙasa yana satar kallon ka, wato ya gane inda ribar take. Idan kana amfani da wani abin marmari daban, kamar ƙananan yankan dafaffen nama marar gishiri, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana.

Mataki na huɗu: darasin shimfiɗa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan nake so ka fi ba da lokaci. Manufar ita ce kare ya haɗa wata shimfiɗa guda da kwanciyar hankali, ta yadda duk inda aka shimfiɗa ta jikinsa zai saki.

Nemi ɗan bargo ko tawul mai kauri wanda ba a amfani da shi don wani abu. Ka fara a ɗaki marar motsi, bayan ya dawo daga yawo ya yi fitsari, kafin cin abinci. Shimfiɗa shi a ƙasa ka yi shiru. Da ya kalle shi ko ya sunsuna, ka ce "yauwa" a hankali, ka ajiye ƙwaya a kan shimfiɗar. A kan shimfiɗar fa, ba a bakinsa ba, domin so ake wurin ya yi daraja. Ladan ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ya wuce haka ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Sai ka jefa wata ƙwayar can gefe ya sauka ya ɗauko, ka jira ya dawo da kansa. Ya sa ƙafa ɗaya, lada. Ya hau da huɗu, lada. Minti uku sun isa. Naɗe shimfiɗar ka ɗauke.

A rana ta biyu ko ta uku, idan yana hawa ba tare da jinkiri ba, ka ɗan riƙe ladan ka jira. Zai yi tsaye yana kallon ka, ya zauna, wataƙila ya yi ɗan haushi. Yi haƙuri. Da gwiwar hannunsa ta taɓa ƙasa ya kwanta, ka ajiye ƙwayoyi uku ko huɗu a jere tsakanin ƙafafunsa. Idan ya ƙi kwanciya sam, riƙe ƙwaya a gaban hancinsa ka sauke ta ƙasa a hankali ya bi ta.

Sai tsawaita lokaci. Ƙirga a zuci: daƙiƙa biyu, lada. Biyar, lada. Uku. Takwas. Huɗu. Sha biyu. Ka riƙa gauraya gajere da dogo, domin idan kullum ƙaruwa yake zai gane cewa aikin tsananta yake yi, ya haƙura ya tashi. A nan ne za ka sa wa abin suna, misali "wurinka" lokacin da ya nufi shimfiɗar, da kuma kalmar sallama kamar "shi ke nan" idan an gama. Kalmar sallamar tana da muhimmanci, ita ce ke sanar da shi cewa akwai ƙarshe, ba sai ya yi ta zullumi ba.

Idan yana iya kwanciya rabin minti, ka soma motsi. Taku ɗaya baya, ka dawo, lada. Taku biyu gefe. Ka zauna a kujera ka miƙe. Ka tafa hannu a hankali. Ka zagaya shi. Ka je bakin ƙofa, ka taɓa mariƙi, ka dawo. Ka buɗe, ka rufe. Ka ƙwanƙwasa. Wata likitar halayyar dabbobi a Amurka, Dokta Karen Overall, ta tsara irin wannan darasi zuwa kwana 15, kowace rana da jerin ƙananan ayyuka masu ƙara wuya kaɗan-kaɗan, kuma masu horar da karnuka a ƙasashe da dama suna aiki da shi. Ba dole ka gama cikin kwana 15 ba. Wani karen rana ɗaya yake maimaitawa sau huɗu kafin a wuce. Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan ya tashi sau biyu a jere, na yi sauri, sai in koma matakin da ya iya. Ba a yi masa faɗa. A mayar da shi, a sauƙaƙa, a ci gaba.

Akwai wani abu da dole ka sa wa ido. Wani kare zai kwanta amma jikinsa a ɗaure, kunnuwa a tsaye, ido a kan hannunka, kamar kibiya a kan baka. Wannan jira yake yi, bai huta ba. Alamomin hutu na gaskiya su ne ya karkata ƙugu gefe ɗaya, ya ɗora haɓa a ƙasa, ya ja dogon numfashi ya sauke, fatar idonsa ta yi nauyi. Daga mako na biyu, waɗannan za ka riƙa saka wa. Kai ma ka sassauta kafaɗa, ka rage kallon sa ido cikin ido, ka yi numfashi a hankali, domin karnuka suna karanta jikin mutum fiye da maganarsa.

Bayan ya ƙware a ɗaki ɗaya, kai shimfiɗar wani ɗakin, sannan tsakar gida, sannan waje inda yake hango mutane daga nesa. A kowane sabon wuri ka koma farko na ɗan lokaci, domin kare ba ya ɗaukar darasin wuri ɗaya ya kai wani kai tsaye.

Mataki na biyar: tsalle, cizo da zuwan baƙi

Dokar tsalle guda ce: ƙafa huɗu a ƙasa, a gaisa, ƙafa biyu a sama, babu kowa. Idan ya dira kanka, juya masa baya, naɗe hannuwa, kada ka ce uffan. Da ya sauka, ka durƙusa ka shafa ƙirjinsa a hankali. Ka sani kwanakin farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, zai yi tsalle fiye da da, domin dabarar da ta saba yi masa aiki ta daina, yana ƙara ƙarfi ko za ta dawo. Idan ka sare a nan, ka koya masa cewa naci ke biya. Kuma dole duk mutanen gida su bi doka ɗaya. Mutum ɗaya da ke barin sa ya hau jikinsa ya isa ya rushe aikin sauran.

Idan baƙo zai shigo, sa masa igiya tun kafin a buɗe ƙofa, ka kai shi kan shimfiɗarsa nesa da ƙofar, ka riƙa ajiye masa ƙwayoyi a kai a kai. Roƙi baƙon kada ya kalle shi ko ya yi masa magana har sai ya lafa. In abin ya fi ƙarfinsa a ranar, kai shi wurin barcinsa da abin tauna, babu laifi.

Cizon wasa kuwa yana da nasaba da haƙori. Kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28, yana famfara daga wajen wata uku ko huɗu, manyan haƙora 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai, dasashi na ƙaiƙayi duk tsawon lokacin. Idan haƙorinsa ya taɓa fatarka, tsayar da hannu cik, miƙa masa abin wasa. In ya sake, tashi ka fita daƙiƙa ashirin ko talatin, ka dawo. Idan kuwa cizon ya ƙi tsayawa da yamma, ka duba takardar barcinsa.

Wasan ja-in-ja da igiyar tsumma hanya ce mai kyau ta koya masa sauka daga zumuɗi. Ku ja daƙiƙa goma, sai ka daskare, ka manne igiyar a cinyarka ba motsi. Da ya saki ya zauna, ka ce "kama" ku ci gaba. Yana koyon cewa natsuwa ce ke dawo da wasa.

Tauna da lasa

Su biyun suna saukar da kare. Ka tanadi abin tauna na roba mai rami, ka cusa jiƙaƙƙen abincinsa a ciki, in da hali ka daskarar a firji ya daɗe yana lasa. Ba shi a kan shimfiɗarsa, musamman a lokacin da ka san ya fi tashi. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, yana tsagewa ya huda hanji. Cakulan, inabi da busasshensa, albasa, da cingam mai zaƙin da ba na sukari ba, duk guba ne gare shi.

Abubuwan da za ka bari

Duka, fizgar wuya, abin wuya mai ba da wutar lantarki, da danne kare a ƙasa wai don ya san waye babba. Suna iya sa shi ya yi tsit a lokacin, amma tsit ɗin tsoro ne, kuma tsoro yana fitowa daga baya a matsayin cizo na gaske. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya cewa horo ta hanyar lada shi ya kamata a yi amfani da shi ga dukan karnuka. Haka nan kada ka ba shi maganin barci na mutane. Kuma kada ka sa rai cewa fiɗiya za ta kwantar da shi. Tana iya rage yawon neman mace, amma ba ta koya wa kare hutawa. Lokacin yin ta shawara ce tsakaninka da likita.

Yadda yini zai kasance

Da safe fitsari, yawon sunsuna na minti ashirin ko talatin, darasin shimfiɗa na minti uku zuwa biyar da wani ɓangare na abincinsa, sai dogon barci. Da rana ɗan wasan nema ko ja-in-ja, abin tauna, barci kuma. Da yamma yawo na biyu, darasi na biyu, abinci. Awa guda kafin kwanciyar dare a daina duk wasa mai tayar da jini. Idan ya yi irin gudun nan na ba zato, ya zagaye tsakar gida sau biyar ya zube, ba ciwo ba ne, kauce masa hanya kawai ka bar shi ya gama.

Yawanci cikin mako biyu zuwa uku za ka ga bambanci a cikin gida, waje da gaban baƙi kuwa aikin watanni ne, kuma za a sami makon da zai koma kamar ba a taɓa koya masa komai ba. A irin wannan mako ka rage wahalar darasi, ka ƙara masa barci. Amma idan ka ga yana haki da zirga-zirga ko da babu zafi, yana bin wutsiyarsa ko inuwa ba tsayawa, yana kuka da fasa ƙofa duk lokacin da aka bar shi shi kaɗai, ko yana gurnani da yage baki idan an kusanci abincinsa, wannan ya wuce rawar kan ƙuruciya. Ɗauki bidiyon abin da yake yi da wayarka, haɗa da takardar barcinsa, ka koma wurin likitan dabbobi ka nemi ya haɗa ka da ƙwararre a kan halayyar karnuka.